Daga Rajab zuwa Shawwal: littafin rage zaman shagon ɗinki

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Burina ɗaya ne: in riƙa rufe shago da wuri, ɗinkin da muke fitarwa kuma kada ya ragu ko da wando ɗaya. Shagon yana wani lungu ne a bayan Shara Mansur, nan Makka. Mu uku ne a ciki. Ni nake yanka da haɗawa, abokin aikina yana surfani, sai yaron da ke koyo, shi ke guga da sa maɓalli da zuwa aike. Rabin aikinmu jallabiya ce irin ta 'yan ƙasa, rabi kuma kaftani da babbar riga na mutanenmu mazauna nan, da baƙin Umara masu son komawa gida da sabon ɗinki.

Yadda muke tafiya yanzu, ana ɗaga ƙofa wajen tara na safe, ba a sauke ta sai ɗaya na dare. Dokar ƙwadago ta Saudiyya awa 8 ta ce a rana, 48 a mako. Mu mun kusa ninka haka, kuma duk da haka ba mu tsira daga maganar da aka san teloli da ita ba: "Dawo gobe." Abin da ke fita a mako bai wuce kaya 24 zuwa 26 ba.

Yau huɗu ga Rajab, saura wata biyu azumi. In tsarin bai gyaru kafin nan ba, sai kuma bayan Sallah. Makon nan ba zan taɓa komai ba. Zan dai rubuta lokacin da na hau keke, da lokacin da na sauka, da abin da ya saukar da ni. Littafi da biro, riyal 7.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na tara lissafin. Lokacin da allura ke shiga yadi ko almakashi ke yanka bai cika awa shida a yini ba. Salla da cin abinci na ware su gefe, ba sa cikin asara. Sauran duk a tsakanin wannan aiki da wancan yake zubewa: neman almakashi, neman tef ɗin awo, canja zare, amsa waya, tashi a gaisa, da mai leƙowa ya tambayi ko kayansa sun yi alhali ya san ranar da aka ba shi ba ta zo ba.

Ga guda ɗaya daga ranar Talata. Ina tsakiyar haɗa farar jallabiya, wani ya shigo da wando ruwan ƙasa, a rage masa tsawo, yana sauri. Na zare farin zare, na nemo ruwan ƙasa a cikin kwali. Kwarkwaron da ke da irin zaren ban gan shi ba, sai da na warware wani na naɗa sabo. Kalmasar kanta minti biyu ce. Na mayar da farin zare, na gwada a ƙyalle, na nemi inda na tsaya a jallabiyar. Agogo ya nuna minti ashirin da biyu sun tafi, a kan riyal 10.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar Litinin. An tafka ruwan sama, lungunmu ya cika, tun hantsi har la'asar ba wanda ya leƙo. Ranar na haɗa jallabiya biyar ni kaɗai, abin da ban yi ba a ranakun da muka kai ɗaya na dare.

Asabar, 11 ga Janairu

Tunda ruwan sama ba kullum ba ne, sai in nemi lokacin da mutane ba sa zuwa. A Makka wannan lokacin shi ne bayan Asuba. Yanzu ana kiran salla wajen shida saura kwata. Daga masallaci na wuce shago, na sauke ƙofa ta ciki, na kunna fitilar tebur. Ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, yaro ya kawo ƙarfe takwas.

Yanka kawai na yi, don shi ne aikin da ya fi son natsuwa. In ka kuskure a ɗinki za ka farke ka sake, in ka kuskure a yanka kuwa yadin mutane ya tafi. Limaminmu ya taɓa kawo hadisin Sakhru al-Gamidi, wanda Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, ya ce Sakhru ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, har ya yi arziki. Mu teloli mun san hadisin, muna dai jin kamar da masu kanti ake.

Talata, 14 ga Janairu

Sammako da kwanan ɗaya na dare ba sa haɗuwa. Idona yana yaji tun hantsi. Daga yau rufewa sha ɗaya, kuma bayan Azahar kowa ya kwanta, ko da rabin awa ne.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ɗan yayana da ke karatun injiniya a Jidda ya zo ƙarshen mako, ya ga littafin, ya kawo shawara. Akwai wata dabara da wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibi: a yi aiki minti 25 ba ɗaga kai, a huta minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Na sayi ɗan agogon kicin, riyal 15.

Wataƙila ta yi wa mai karatu, amma ba ta yi wa tela ba. Wuyan jallabiya mai tsayuwa, daga manna gam zuwa ɗora shi daidai a jikin riga, yana cin kusan minti arba'in in ana son ya zauna. Agogo yana ƙara kana tsakiyar kwana, ƙafarka a kan feda. In ka tsaya ɗinkin ya karkace, in ka ci gaba to me ya sa ka sayi agogon? Mai surfani ya ce ƙarar tana firgita shi. Mun ba yaro, yana auna shayi da shi.

Sai na duba na ga ashe mu a nan ba mu rasa abin raba yini ba. Salloli sun riga sun raba shi, kuma dama shaguna da yawa a unguwarmu suna sauke ƙofa in an kira. Abin da ya rage shi ne kowane yanki ya sami aikinsa. Daga Asuba zuwa hantsi, yanka. Daga hantsi zuwa Azahar, haɗawa. Azahar zuwa La'asar, abinci da kailula. La'asar zuwa Magariba, haɗawa da ƙarasawa. Tsakanin Magariba da Isha, wanda a kalandar Saudiyya ta Ummul Ƙura awa ɗaya da rabi ne cif, na masu kawo ɗinki ne da masu karɓa da ƙananan gyare-gyare. Bayan Isha a share, a jera aikin gobe, a tafi.

Laraba, 22 ga Janairu

Waya ta koma cikin durowa. Sau biyu nake duba WhatsApp, bayan Azahar da bayan Magariba. Masu turo awo da hoton wuyan da suke so ba su rasa komai ba. Na gida sun san lambar mai baƙala, wato kantin da ke jikinmu, in abin gaggawa ya taso.

Asabar, 25 ga Janairu

Shawarar ɗan yayana ta biyu ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Ya ba ni labarin wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, da ya yi aiki da Toyota a kan lokacin da ake ɓatawa wajen sauya wa inji kayan aiki daga wani samfuri zuwa wani. Abin da ke cin awanni suka mayar da shi ƙasa da minti goma. Asirin bai da wuya: a raba abin da dole sai inji ya tsaya kafin a yi shi, da abin da za a iya tanada tun inji yana gudu. Na biyun duk a gama shi kafin a tsayar.

A wajenmu wannan zare ne da kwarkwaro. Na je kasuwar Utaibiyya na sayo kwarkwaro 40, riyal 40. Kafinta ya buga mini katako mai ƙusoshi a bango, riyal 85, kowane zare da ƙusarsa, kwarkwaronsa a ƙarƙashinsa. Keken da kansa yana naɗa kwarkwaro a gefe yayin da kake ɗinki, abin da muka sani tuntuni amma ba ma amfani da shi sai zare ya ƙare. Almakashi da tef da alli kowanne ya sami ƙugiyarsa. Tun da aka mayar da harajin kaya kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020, komai ƙanƙantar sayayya sai ka ji ta a rasit, amma wannan kuɗin bai yi mini ciwo ba.

Na kuma fara jera aiki bisa launi. Yanzu lokacin sanyi ne, 'yan ƙasa suna ɗinka masu duhu: toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu. Duk masu launi ɗaya a yini ɗaya. Gyaran wando da canja zif sun koma bayan Magariba, a kan keke na biyu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kaya 29 makon nan, rufewa goma da rabi. Gobe ɗaya ga Sha'aban.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau an sami matsala, kuma ba ta keke ba ce.

Shagonmu tun kafin in zo majalisa ne. Akwai benci daga ciki, dattawan unguwa suna zama da hantsi, a sha shayi, a ji labarin gida, wa ya zo Umara, wa ya rasu a Kano ko Damagaram, nawa riyal ta kai a naira. Babbansu Kawu ne, ƙanen mahaifiyata. Yana yaro ya zo ƙasar nan tare da iyayensa ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa. Shi ya tsaya mini har na sami wurin nan.

Tun makon jiya na liƙa takarda a ƙofa, da Larabci da Hausa, cewa awo da karɓar kaya sai bayan Magariba. Takardar don masu kawo ɗinki na yi ta. Da safen nan ina can ciki kan tebur, Kawu ya ƙwanƙwasa. Yaro ya ɗaga ƙofa kaɗan ya ce masa, "Baba, maigida ya ce ba a shigowa sai bayan Magariba." Kawu bai ce uffan ba, ya juya. Sai da Azahar yaron ya gaya mini, yana murna ya bi doka.

Kafin La'asar maganar ta zagaye lungu. Mai baƙala ya tare ni ya ce, "Malam, an ce ka zama ofis." Mai surfani, wanda dama bai so tsarin ba, ya sami bakin magana. Shi a kan kowane wuya ake biyansa, tsoronsa kada gajeren yini ya zama gajeren kuɗi. Ya ce rabin masu kawo mana babbar riga ta bencin nan suka san mu, in benci ya mutu surfani ya mutu. Wannan gaskiya ce, ba ni da abin musawa. Na ce masa Henry Ford ma a 1926 ya mayar da ma'aikatansa kwana biyar a mako, awa 40, motoci kuma ba su daina fita ba. Ya ce, "Shi Ford ɗin yana da kawu a Shara Mansur?"

Aikin la'asar bai yi kirki ba. Jallabiya ɗaya na haɗa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci na je gidan Kawu da dabino da turare. Ya bar ni na gama gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ɗana, aikinka ya yi yawa ne?"

Na ce, "Kawu, ba yawa ya yi ba, tsayi ya yi. Yara suna barci nake fita, suna barci nake dawowa. Ƙaramin har ya fara ƙiwa da ni."

Ya yi shiru, ya ce ai da haka na faɗa tun farko da ba a kai ga takarda ba. Shi ya kawo mafitar da kansa: majalisa ta koma bayan Isha, a fito da benci waje tunda garin da sanyi-sanyi, su ma tsofaffi hantsi ya fara yi musu nauyi. Ya ce amma shayi a kaina. Na sayi babban fulas da kofuna, riyal 55. Takardar na cire ta, na bar wa baki aikin.

Ni dai a ganina duk dabarun da ake yaɗawa na tattalin lokaci an yi su ne don mutumin da ƙofarsa tasa ce shi kaɗai. Namu shagon ba haka yake ba, kuma ba na fatan ya zama haka. Awa ɗaya da aka sani, aka ware wa mutane, ta fi mini yini guda da ake shigowa a tsitstsinke.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Asara ta farko ta kuɗi. Masu ɗinkin Sallah sun fara kawo farare, na ga dama ta samu, na yanka jallabiya bakwai a zama ɗaya da Asuba, na jera gaba da baya da hannuwa da aljihu kowanne a tarinsa, na sa alamar alli. Biyu daga ciki yadin Japan ne masu kama da juna, ɗaya fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, ɗaya fari mai ruwan madara. A ƙarƙashin jan ƙwan da ke kan tebur ba ka bambance su. Allin kuma ya goge wajen ɗagawa da ajiyewa.

Sai da yaro ya fitar da ɗaya bakin ƙofa yana cire zare a hasken la'asar ya ce, "Maigida, hannun nan ba na rigar nan ba ne." Hannuwa sun yi musaya, kuma masu rigunan ba tsawonsu ɗaya ba, na riga na datse na dogon daidai da gajeren. Ɗaya ta gyaru da farkewa. Ɗayar sai da na sake sayen yadi, mita uku da rabi, riyal 140, don mai yadin ba ya yanka ƙasa da haka daga wannan bandir. Farkewa da sakewa sun cinye la'asar har Isha, majalisa ta watse ban fito ba.

Yankan taro ba zan bar shi ba, don ribarsa a fili take, amma da gyara. Kowace riga da ledarta, takardar awo da lamba a ciki, ƙyallen yadin a maƙale a waje da fil. Ba a buɗe leda biyu a lokaci ɗaya. Leda riyal 20. Farar fitila mai hasken rana a kan tebur, riyal 60.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lafiya lau. Yaro ya fara naɗa kwarkwaron gobe da jera ledoji kafin ya tafi, ba sai an ce masa ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Jiya da hantsi allura ta daki maɓallin ƙarfe ta karye, daga nan keke ya fara tsallake. Na canja allura, na share ƙoshiya, na sake zare, a banza. Saitin da ke tsakanin allura da ƙoshiya ya goce. Mai gyara ya ce yana zuwa bayan La'asar. Sai yau da Azahar ya iso, na ɗanɗani abin da muke yi wa mutane. Gyaran bai kai awa ɗaya ba, riyal 120.

Abin da ya cece ni shi ne aikin a jere yake. Na koma keke na biyu da ledojin da ba sa buƙatar ɗinki mai kauri, na yi yankan jibi tun yau. A da in keke ya tsaya shago ya tsaya. Na sayi ƙoshiya ta ajiya da fakitin allurai, riyal 70. Daga yanzu duk daren Alhamis sai an cire farantin allura an share gashin yadi an duba mai, kafin a rufe.

Jibi Asabar hutun Ranar Kafuwar Saudiyya ne, 22 ga wata, wanda aka fara a 2022. Mu dai muna buɗe.

Talata, 25 ga Fabrairu

Makon da ya wuce, duk da keke, kaya 31. Rufewa tara da rabi, ni kan zauna da dattawa har goma.

Yanzu maganar alƙawari. Wani Bature ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya rubuta a 1955 cewa aiki yana buɗewa ne ya cike duk lokacin da aka ba shi. Kowane tela shaida ne. Rigar da aka ce sai Sallah, daren Sallah ake gama ta, ko da tun Rajab aka kawo. Don haka na daina cewa "kafin Sallah". Na ja layi a littafi, kowace rana gurbi biyar, shida in babu babbar riga. Wanda ya kawo yadi ana ba shi rana takamaimai, a rubuta a gabansa, ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. In gurabe sun cika, sun cika. Lissafi ya nuna za mu daina karɓa wajen goma ga azumi, kuma na bar kwana uku na ƙarshe babu komai a ciki.

Mai surfani ya ƙirga kuɗinsa na watan nan ya ga sun fi na watan jiya. Bai ce komai ba, amma yau ya riga ni zuwa.

Litinin, 3 ga Maris, 3 ga Ramadan

An ɗauki azumi ranar Asabar, kuma tsarin da na gina wata biyu ya kife. A Ramadan Makka da dare take rayuwa. Isha ta koma awa biyu bayan Magariba, ana fitowa daga asham goma ta wuce, sai a lokacin kasuwa ke ci, har kusan sahur. Tsakanin Magariba da Isha da na ware wa mutane ba mai zuwa, kowa yana wajen shan ruwa.

Na gwada riƙe yankan Asuba. Bayan daren da ba a yi barci ba da cikin da ya cika da sahur, hannu ba ya tsayawa a kan layi. Na ajiye almakashi kafin a sake sayen wani yadin.

Abin da muka koma: barci bayan Asuba har sha ɗaya. Daga Azahar zuwa biyar na yamma ƙofa a sauke, yanka da farko tun kai yana sarari, sannan haɗawa. Bayan asham a buɗe wa mutane awa ɗaya da rabi, daga nan a ci gaba da ɗinki zuwa biyu. Doka ta rage wa Musulmi aiki a Ramadan zuwa awa 6 a rana, 36 a mako. Ba mu kai can ba, muna wajen takwas. Bara a irin wannan lokaci daga shago muke yin sahur.

Litinin, 10 ga Maris

Gurabe sun cika. Kusan komai fari ne yanzu, yini guda ba a canja zare ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Cewa a'a ya fi ɗinkin wuya. Daren jiya wani Alhaji da ya saba kawo mana aiki ya zo da shadda ta 'ya'yansa huɗu. Na nuna masa littafi. Ya ce, "Haba Malam, ni ma sai an nuna mini littafi?" Ya ce zai ninka kuɗin. Na ce, "Alhaji, in na karɓa, wanda ya kawo nasa tun Sha'aban shi zai sa tsohuwar riga ranar idi." Na haɗa shi da wani tela ɗan'uwanmu a Misfala da ke da sauran wuri. Ya tafi ba da daɗin rai ba. Ko zai dawo, Allah masani.

In na lissafa waɗanda na mayar makon nan, kuɗin ɗinkinsu zai haura riyal dubu. Mai surfani ya lissafa mini shi sau biyu. Na karɓi guda biyu kacal a cikin kwanakin da na bari fanko, na wasu marayu da Kawu ya kawo da hannunsa.

Asabar, 22 ga Maris

Goman ƙarshe. Hanyoyin Harami sun cushe, zuwa sayo maɓalli ya cinye wa yaro awa biyu. Wannan ya kamata a tanada tun Sha'aban, na rubuta don baɗi. Muna rufewa sha biyu da rabi saboda tahajjud.

Asabar, 29 ga Maris

An ga wata, gobe Sallah. Riga ta ƙarshe ta fita tun daren Alhamis. Jiya da yau gyare-gyare ne kawai: wanda hannu ya yi masa tsawo, wanda azumi ya rage masa wuya. Mutum biyu ba su zo karɓa ba, kayansu suna rataye a goge. Mun rufe sha ɗaya.

Lahadi, 6 ga Afrilu, 8 ga Shawwal

Mun dawo aiki. Jimillar abin da na kashe tun Rajab riyal 612, a ciki 260 na asarar yadi ne da gyaran keke. Kafin azumi mun tsaya a kaya 31 zuwa 33 a mako, a kan 25 na da, zaman shago kuma ya sauko daga awa goma sha biyar ko sha shida zuwa wajen sha biyu, in an cire hutun rana. Takwas ɗin da doka ta faɗa ba mu kai ba tukuna. Inda sauran ke maƙale na gan shi: ramin maɓalli da muke kai wa wani shago mu jira, da guga da ke taruwa wa yaro a ƙarshen yini.

Zafi yana tafe, kuma lokutan salla za su ja. Zuwa Yuni ana kiran Asuba huɗu da 'yan mintoci, Isha kuma sai takwas da rabi, ga benci ba zai zaunu a waje ba. Dole hutun rana ya ƙaru, majalisa ta dawo ciki wajen esi. Zan yi magana da Kawu tun kafin lokacin ya zo.

Babbar Sallah farkon Yuni take, kuma tun ƙarshen Shawwal shiga Makka sai da izini, masu kawo mana kaya daga Jidda sukan yi wuyar gani. Mako mai zuwa zan je Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, in sayo zare da gam da maɓalli na wata uku. Akwai kuma keken ramin maɓalli na hannu da aka ce mini wani shago zai sayar a can. Zan duba shi, in bai wuce abin da na ware ba in ɗauko. Guga kuma za ta koma sau biyu a yini, kafin Azahar da kafin Magariba, daga gobe Litinin.